Kashi 60 a takardar hoton zuciya: magani, gwajin gajiya, ko anjiyogiram?

Ranar da kawuna ya dawo Sakkwato daga Abuja da sakamakon hoton zuciyarsa, ko hula bai cire ba ya aika a kira ni. Aikin jinya nake yi, saboda haka duk takardar asibitin da ta shigo danginmu a hannuna take fara sauka. Na tarar da shi a zaure, manyan 'ya'yansa biyu na zaune gefe, ambulan na kan tabarma. Ya turo mini ita da ɗan yatsa.

"Ɗiyata, duba muna wagga takarda. Sun ce jijiyar zucciya ta toshe kashi sittin. Arba'in ɗai ta rage ke nan?"

Shekarunsa 60, fataucin albasa yake yi, kuma ya daɗe da hawan jini. Wata takwas yana jin nauyi a ƙirji kamar an aza masa buhu, in ya yi sauri zuwa masallaci ko ya hau bayan mota duba lodi. In ya tsaya minti biyu ko uku sai abin ya sake shi. An yi ta ba shi maganin olsa a wani kyamis, ba sauƙi, har dai aka kai ga hoton CT na jijiyoyin zuciya. Takardar ta ce jijiyar gaba, wadda suke rubutawa LAD, ta matse kashi 50 zuwa 69 a tsakiyarta. Ta dama ta matse kashi 25 zuwa 49. Uwar jijiyar hagu lafiya lau. Can ƙasa an rubuta CAD-RADS 3.

Babban ɗansa har ya fara tambayar kuɗin jirgi zuwa Indiya, a saka wa Baba sitent, ɗan ƙarfen ragar da ake buɗe matsattsiyar jijiya da shi, kowa ya huta. Ƙaramin ya ce tunda bai kai saba'in ba, a bar shi da tafarnuwa da zuma. Dukansu son mahaifinsu ne ya sa su magana, kuma dukansu sun ɗauki lambar nan kamar makin jarrabawa, wanda da ganinsa an san an ci ko an faɗi. Abin da na gaya musu a daren, da abin da likitan zuciyarsa ya ƙara mana daga baya, shi zan shimfiɗa a nan, don na san daga Mabera zuwa Runjin Sambo akwai gidaje da yawa masu irin wannan ambulan a ƙarƙashin filo.

Kafin komai: duk wannan aune-aune na mutumin da ciwonsa ke zuwa in ya motsa, ya tafi in ya huta ne. Wanda ƙirji ya riƙe shi yana zaune, ya wuce minti 15 bai saki ba, ga gumi, ga tashin zuciya ko sarƙewar numfashi, ko wanda ciwonsa ya fara zuwa da ƙaramin motsi fiye da na makon jiya, wannan babu zancen zaɓi. A kai shi sashen gaggawa, asibitin koyarwa na UDUTH ko Asibitin Ƙwararru ko duk wanda ya fi kusa, a yi masa ECG, wato awon lantarkin zuciya, nan take, da gwajin jini na toroponin mai nuna ko tsokar zuciya ta ji rauni. Masu ciwon suga da mata sukan zo da gajiya ko haki kawai ba tare da ciwon ƙirji sosai ba, a kiyaye.

Abin da lambar take faɗa da abin da ta yi shiru a kai

Lambar nan awon faɗin bututu ce. Mai karanta hoton yana kwatanta wurin da ya fi matsewa da wurin da ke lafiya kusa da shi. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a fadamar Kwalkwalawa ya san in laka ta cinye rabin faɗin tiyo, ramin da ya saura bai kai rabi ba. Lissafin haka yake: in faɗi ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin huɗu na ramin ne ya saura. In ya ragu da kashi 70, abin da ya saura bai kai ɗaya cikin goma ba. Don haka amsar tambayar Kawu ita ce a'a, ba arba'in ta rage ba, ramin ya fi haka ƙanƙancewa. Sai dai kuma jijiyar zuciya an halicce ta da rara mai yawa. In mutum na aiki, jinin da ke bi ta cikinta yana iya ninkawa sau uku zuwa biyar. Wani likita Ba'amurke, Lance Gould, ya nuna a 1974 cewa gudun jini a lokacin hutu ba ya raguwa sai matsewar ta kai wajen kashi 85, amma rarar nan da ake buƙata lokacin aiki tana fara zaizayewa tun kafin a kai rabi. Wannan ne ya sa Kawu ke lafiya ƙalau a kan tabarma, sai ya hau mota ƙirji ya yi magana. Shi ne kuma ya sa ECG ɗin da aka yi masa a kwance bai nuna ƙarancin jini ba.

Inda maganar ta fi ɗaure kai shi ne tsakiyar nan, kashi 50 zuwa 70. A binciken FAME, da aka zura waya aka auna matsin jini a jijiyoyin da ido ya ce sun matse, cikin waɗanda ke tsakanin 50 da 70 kashi 35 kacal aka samu suna tauye jini da gaske. Cikin na 71 zuwa 90, kashi 80 ne. Na 91 zuwa 99 kuwa, kashi 96. Wato mutum uku masu takarda irin ta Kawu, biyu daga cikinsu matsewar ba ta hana tsokar zuciya samun abincinta. Mutum biyar masu "kashi 80" kuma, ɗaya daga cikinsu haka ne. Dalili kuwa, ba faɗi kaɗai ke hukunci ba. Doguwar matsewa ta fi gajera tauye jini. Jijiyar da ke ciyar da babbar gona ta fi saurin gazawa a kan wadda ke ciyar da ɗan fegi. Wani kuma jikinsa ya riga ya buɗe ƙananan hanyoyin ratse da ke kai jini ta bayan gida.

Shi kansa hoton CT yana da halinsa. Gwani ne wajen cewa "babu komai": in ya ce jijiyoyi fes suke, da wuya a samu akasin haka. Amma in kalsiyam ya daskare a bangon jijiya, irin farin ɓawon nan da ke taruwa cikin butar shayi, yana ƙyalli a hoto ya yi kamar ya fi girmansa, sai a rubuta matsewar da ta wuce gaskiya. In zuciya na gudu ko tana tsallake bugu lokacin ɗauka, hoton ya yi hazo. Shi ya sa ake ba da maganin da zai sauke bugawar zuciya zuwa wajen 60 a minti, a sa wani a ƙarƙashin harshe ya buɗe jijiyoyin.

Ma'aunin CAD-RADS da ke ƙasan takarda an fito da shi a 2016, aka sabunta a 2022. Sifili babu komai. 1 shi ne kashi 1 zuwa 24, 2 kuwa 25 zuwa 49. Mataki na 3 shi ne 50 zuwa 69, kuma shawarar da ke tare da shi ita ce a duba ko jini na tauyuwa. 4A matsewar 70 zuwa 99 ce a jijiya ɗaya ko biyu. 4B shi ne uwar jijiyar hagu ta matse kashi 50 ko fiye, ko jijiyoyi uku duka sun kai 70. Mataki na 5 toshewa ce gaba ɗaya.

A lura da 4B ɗin nan. Uwar jijiyar hagu gajera ce, daga ita jijiyar gaba da mai kewayawa ta baya suke rabuwa, kuma ita ke ciyar da mafi yawan ɓangaren da ke harba jini ga jiki. Da a ce sittin ɗin Kawu a nan take, da ban tsaya dogon bayani a zaure ba, da shirin anjiyogiram muka shiga, wato hoton da ake zura bututu cikin jijiya a ɗauka. Haka farkon jijiyar gaba ya fi tsakiyarta ko wutsiyarta nauyi. Lamba ɗaya, wuri daban, hukunci daban. Tambayar farko da ta kamata iyali su yi ke nan: a wace jijiya, kuma a wane gurbi nata? Ta biyu: yaya ƙarfin harbawar zuciyar a hoton eko, wanda ake ɗauka da na'urar sauti? In ya yi ƙasa sosai, musamman kashi 35 ko ƙasa, lissafin duka ya sauya.

Hanya ta farko: magani tukuna, a sa ido

Wannan ita mutane suka fi rainawa, suna ganin kamar likita ya ce a je gida a jira. Alhali ita ce kaɗai hanyar da babu mai tsallake ta, ko an sa sitent ko ba a sa ba. Ga dalili. Bugun zuciya na farat ɗaya yakan faru ne in ƙullin kitsen da ke bangon jijiya ya fashe, jini ya daskare a kai ya rufe hanya cikin mintuna. Kuma ba dole ne ƙullin da ya fi matsewa ya zama shi zai fashe ba. Da yawa daga ƙulli mai ɗan matsakaicin girma suke tashi, irin na jijiyar dama ta Kawu da kowa a zauren ya tsallake. Sitent na gyara taku ɗaya ne na hanya. Maganin kolestarol irin su atobastatin da rosubastatin yana bin hanyar duka, ya rage kitsen, ya ƙarfafa murfin ƙullin. Ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2019 ta ce mai irin wannan ciwo a saukar masa da mugun kolestarol, LDL, ƙasa da 1.4 a ma'aunin milimol, wato 55 a ma'aunin miligiram.

An gwada wannan a kan dubban mutane. Binciken COURAGE na 2007, mutum 2,287 masu ciwon da bai tsananta ba: waɗanda aka sa wa sitent da magani ba su fi waɗanda aka ba magani kaɗai tsira daga mutuwa ko bugun zuciya ba. Binciken ISCHEMIA da aka buga a 2020 ya fi girma, mutum 5,179 a ƙasashe 37, dukansu gwaji ya nuna jini na tauyuwa matsakaici ko sosai. Bayan sama da shekara uku ana bibiya, babu wani bambanci mai ƙarfi a mutuwa tsakanin waɗanda aka garzaya da su anjiyogiram da waɗanda aka fara da magani. Abin da aikin ya fi yi shi ne rage ciwon ƙirji ga waɗanda ciwon ke damu akai-akai. Amma a san waɗanda ba a sa a binciken ba: masu matsewar uwar jijiyar hagu, masu raunin zuciya sosai, da waɗanda ba su daɗe da bugun zuciya ba. Kada wanda ke cikin waɗannan ya jingina da sakamakon.

A Sukotlan kuma, binciken SCOT-HEART na mutum 4,146 ya nuna bayan shekara biyar waɗanda aka yi wa hoton CT kashi 2.3 ne suka mutu da ciwon jijiyar zuciya ko suka yi bugun zuciya, sauran kuwa kashi 3.9. Yawan sitent da tiyata kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Bambancin ya fi zuwa daga cewa an ga kitsen da ido, aka fara maganin kariya da wuri. Wannan ya isa amsa ga ƙaramin ɗan Kawu: takardar da ta ce "bai kai saba'in ba" ba ta ce a koma ga zuma ba.

Amfanin wannan hanya: ita ta fi araha, ana yin ta a nan gida, ba allurar rini, ba zura waya. Nauyinta kuwa haƙuri ne da naci. Asfirin ƙarami kullum in likita ya ga ya dace, maganin kolestarol, maganin hawan jini, maganin rage ciwon ƙirji, barin taba da shisha, rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, man shanu da kitsen tsire su zama na marmari. Rauninta shi ne ba ta amsa tambayar ko wannan sittin ɗin tana tauye jini. In ciwo ya ƙi lafawa bayan makonni ana shan magani yadda ya kamata, to lokacin matsawa gaba ya yi.

Hanya ta biyu: a gajiyar da zuciya a gani

Tunda matsalar ba ta bayyana sai zuciya na aiki, sai a sa ta aiki a gaban likita. Mafi sauƙi da araha shi ne tafiya a kan injin tattaki da wayoyin ECG a ƙirji. Ana so bugawa ta kai kashi 85 na iyakar mutum, ana samun iyakar ne in an cire shekarunsa daga 220. Ga Kawu, 136 ke nan a minti. Gwajin yana nuna abu mai daraja: minti nawa mutum ya iya, yaushe ciwo ya zo, yaya jini ya hau ko ya faɗi. Amma yana iya wuce kusan ɗaya cikin uku na masu matsewa ta gaske, ba ya nuna wace jijiya ce da tabbaci, kuma mai ciwon gwiwa ba zai kai ba. Ga wani abu da ya shafe mu sosai a nan: daɗaɗɗen hawan jini yana kaurara bangon zuciya, wannan kuma yana karkata layin ECG tun mutum na kwance, sai karatun gwajin ya rikice. Abin da ya hana a yi wa Kawu shi ke nan.

Na gaba shi ne eko na gajiya. Ana kallon bangon zuciya da na'urar sauti a lokacin hutu, sannan a sa ta gudu, ko da motsa jiki ko da allurar dobutamin, a sake kallo. Bangon da jini bai ishe shi ba sai ya yi lagwas, ya daina matsowa tare da 'yan uwansa, kuma daga wurin da ya yi lagwas ake gane jijiyar. Babu tururin hoto mai cutarwa, babu rinin da ke taɓa ƙoda. Sharaɗinsa hannun gwani: ingancinsa na tafiya da idon mai yi, kuma mai ƙiba ko mai ciwon huhu hotonsa kan yi duhu. A ganina, ga yawancin mutanenmu masu mataki na 3, wannan shi ne ya fi dacewa a fara nema.

Akwai hoton nukiliya da ke nuna yadda jini ke ratsa tsokar, da na MRI na gajiya wanda har tabon tsohon bugun zuciya yake nunawa. Sun fi tsada kuma sai manyan cibiyoyi. Na nukiliya yana da tarko guda: in jijiyoyi uku duka sun matse daidai wa daida, ko'ina ya ragu tare, sai hoton ya yi kamar lafiya. Akwai kuma lissafin kwamfuta da ake yi daga hoton CT ɗin da aka riga aka ɗauka, FFR-CT, wanda ke ƙiyasta matsin jini ba tare da an sake taɓa mutum ba, amma sai hoton ya fita tas, kuma ba kowace cibiya ke da shi ba.

In za a yi gwaji da allurar adenosin mai buɗe jijiyoyin zuciya, a gaya wa likita in akwai asma. Kuma a bar duk abin da ke da kafeyin na awa 12 zuwa 24, gwargwadon umarnin wurin. Takardun da ake bayarwa kofi da shayi suke ambata. Goro ba ya ciki, alhali yana ɗauke da kafeyin, kuma dattijon da ya tauna goro da safe gwajinsa na iya fitowa ƙalau a bisa ƙarya.

Hanya ta uku: anjiyogiram, da wayar auna matsi

Nan ana zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har bakin jijiyoyin zuciya, a fesa rini a ɗauki hoto mai motsi. Mason Sones ne ya fara shi a Amurka a 1958, Andreas Grüntzig kuma ya fara buɗe jijiya da balan-balan a Zurik a 1977. Ya fi CT fito da ramin jijiya, kalsiyam ba ya ruɗa shi kamar yadda yake ruɗa CT, kuma in an ga abin gyara ana iya gyarawa a zama ɗaya. Wannan falalar ita ce kuma haɗarinsa. Mutum na kwance, likita ya ga sittin ko saba'in da ido, iyali na waje sun riga sun kashe kuɗin jirgi da masauki, kowa na son a ce an yi wani abu. Sai a sa sitent a jijiyar da ba ta tauye jini.

Maganin wannan shi ne wayar auna matsi. Ana wuce matsewar da waya mai kaurin gashin doki, a ba da adenosin jijiyoyi su buɗe iyakar buɗewa, a raba matsin bayan matsewar da na gabanta. Wannan shi ne FFR. In ya fi 0.80, a bar jijiyar, magani ya isa. In 0.80 ne ko ƙasa, jini na tauyuwa. Akwai ɗan uwansa iFR da ba ya buƙatar adenosin, iyakarsa 0.89. A binciken FAME na 2009, mutum 1,005 masu matsewa a jijiya fiye da ɗaya, waɗanda aka bi awon waya an sa musu sitent kusan 2 kowane mutum maimakon kusan 3, kuma cikin shekara guda kashi 13.2 ne suka sami mutuwa ko bugun zuciya ko sake aiki, a kan kashi 18.3 na waɗanda aka bi ido kawai. An rage ƙarfe, an rage matsala. In shakkar a uwar jijiyar hagu take, sukan ƙara da na'urar sauti ta cikin jijiya su auna ramin kansa.

Haɗarin anjiyogiram ba shi da yawa, amma akwai shi: zubar jini a wurin huda, rauni ga jijiya, taɓuwar ƙoda, nadiran shanyewar ɓarin jiki. A binciken DISCHARGE na Turai a 2022, mutum 3,561, manyan matsalolin da suka biyo bayan aiki kashi 0.5 ne ga waɗanda aka fara da CT, kashi 1.9 ga waɗanda aka kai anjiyogiram kai tsaye. Rinin nan ta ƙoda yake fita, don haka a auna kiriyatinin, gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda, tukuna, kuma kada mutum ya je a bushe. A watannin Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, ko cikin azumi, wannan magana ce ta gaske. Mai shan maganin suga na metfomin ya faɗa, don akan dakatar da shi na ɗan lokaci in ƙoda na da rauni.

Sai abin da babban ɗan Kawu bai lissafa ba: sitent alkawari ne. Bayan sa shi ana haɗa asfirin da kulofidogirel, magungunan hana jini daskarewa, galibi wata 6 ga mai ciwon da bai tsananta ba, wata 12 ga wanda ya yi bugun zuciya. Wanda ya yanke maganin da wuri, don kuɗi sun ƙare ko don ya ji sauƙi ko don za a cire masa haƙori, jini na iya daskarewa cikin sitent ɗin ya rufe shi ruf, kuma wannan bugun zuciya ne mai tsanani. Mai olsa ta gaske mai zubar jini sai an yi shiri na musamman. Duk wanda zai dawo gida da sitent daga Abuja ko Legas ko Alƙahira ko Indiya, ya san wa zai riƙa duba shi a nan, kuma daga ina maganin wata mai zuwa zai fito.

Ba ina hana sitent ba ne. A bugun zuciya na gaggawa yana ceton rai. Ga wanda ciwon ƙirji ya hana shi sana'a duk da magani, kuma awo ya nuna jini na tauyuwa, yana kawo sauƙi na gaske, binciken ORBITA-2 na 2023 ya tabbatar da haka har da kwatanta shi da aikin bogi. Wani lokaci ma sitent ɗin ne bai isa ba: mai ciwon suga da jijiyoyi da yawa suka matse, binciken FREEDOM na 2012 a kan mutum 1,900 ya nuna tiyatar baifas, wadda ake ɗinka sabuwar hanya ta tsallake matsewar, ta fi sitent kare rai. Irin wannan mutum ya nemi a tsaya bayan hoton, a zauna da likitan tiyata, kada a yanke hukunci yana kwance a kan tebur.

Yadda nake auna su

Mai mataki 1 ko 2, magani da gyaran ci da sha, da gaske ba da wasa ba. In ƙirji na ciwo duk da haka, a faɗa, don akwai ciwon ƙananan jijiyoyi da hoto ba ya gani, ya fi yawa ga mata. Mai mataki 3, ko 4A da ba a farkon jijiyar gaba ba, zuciyarsa na da ƙarfi, ciwonsa na lafawa: a fara magani yau, a nemi gwajin gajiya mai hoto, sakamakonsa da yadda jiki ya karɓi magani su nuna ko za a wuce gaba. Mai 4B, mai raunin zuciya, mai ciwon da ya ƙi magani, ko wanda gwajin gajiya ya nuna babban yanki na yunwar jini, anjiyogiram ne, kuma kafin a biya ko sisi a tambayi cibiyar: kuna da wayar auna matsi, kuma za ku yi amfani da ita kafin ku sa sitent? Cibiyar da ta yi ɓacin rai da wannan tambaya, ni dai ba zan kai nawa can ba.

Kawu eko ɗinsa ya nuna ƙarfin harbawa lafiya, bango ya ɗan yi kauri. Likita ya ɗora shi kan magani, bayan mako shida ya ce nauyin ya ragu ƙwarai. Ya koma aka yi eko na gajiya da dobutamin, aka ga ɗan ƙaramin yanki kusa da tsinin zuciya ya yi sanyi a ƙarshen gwajin, sauran bangon na aiki. Aka tsaya a kan magani, da sharaɗin in ciwo ya dawo ko ya fara zuwa da ƙaramin motsi, anjiyogiram da waya. Kuɗin da aka tara na Indiya babban ɗansa ya ajiye su don ranar.

Da zan ba shi kwalbar ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe in ciwon ƙirji ya taso, sai na sa 'ya'yan suka fita. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, ku yi mini haƙuri, aikina ne ya sa zan faɗa. Wannan ƙwaya ba ta haɗuwa da maganin ƙarfin maza irin Viagra, jini na iya faɗuwa warwas. Har na gargajiyar da ba a san abin da aka zuba ciki ba, ku nisance shi." Ya yi shiru, ya ce, "Awo, na jiya." Na ƙara masa cewa in ciwo ya zo ya zauna kafin ya sa ta, in bai saki ba bayan minti biyar a kama hanyar asibiti, kuma kada ya bar kwalbar a gaban mota, zafi na kashe ƙarfinta. Ya buɗe aljihun gaba na rigarsa, inda yake ajiye goro a da, ya sa ta ciki.